Idan Tsohuwar Motar Gida Ta Ƙi Tashi A Daren Naƙuda

 Na san wata za ta ga kan maganar nan ta ce, "Yau kuma nas ta koma gareji ne?" Ki yi haƙuri ki karanta, 'yar uwa, maganar lafiyarki ce.

A hunturun bara ina aikin dare a nan Birnin Kebbi, gab da asuba aka shigo da wata baiwar Allah daga wani ƙauye da ke tsakaninmu da Argungu. Ta haihu a gida, jini ya ɓalle. Idonta ya yi fari fat, hannunta sanyi ƙalau. Sai da aka ƙara mata jini leda uku kafin ta dawo hayyacinta. Da na tambayi mijin me ya hana su zuwa da wuri, sai ya ce, "Sista, wallahi tun ƙarfe ɗaya muke fama da mota." Motar mahaifinsa ce, tsohuwar Peugeot 504. Tafiyar da ba ta kai ta awa ɗaya ba ta cinye musu dare. A makaranta an koya mana cewa zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu idan ba a kai mata ɗauki ba. Allah ne ya yi da sauran kwananta.

Irin wannan motar na tashi na gani a gidanmu a Argungu. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, shi ya sa har yau ba a rasa Fijo a gidajen dattawa da tashoshinmu. Ni ce mai riƙe wa Baba tocila idan ya buɗe gabanta, a nan na koyi ɗan abin da zan faɗa miki.

Tsofaffin motocin nan kafireta gare su, ita ce ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji, fulogi ya ba da tartsatsi su kama. Motocin yanzu kwamfuta ke yi musu awon, tsofaffin kuwa sai da lura. Idan mota ta ƙi tashi, ɗaya daga cikin uku ne ya samu matsala: wuta, mai, ko iska. Yadda muke tambayar majinyaci kafin a rubuta masa magani, haka ita ma.

Tambaya ta farko: me kika ji da aka murza makulli? Idan ƙas-ƙas kawai ta yi, ko injin na juyawa a kasalance, fitila kuma ta dusashe, mafi yawa batir ne. A duba kansa. Idan farin gari ya taru a wurin ko waya ta saki, a goge a ɗaure tam. Sanyi na rage wa tsohon batir ƙarfi, shi ya sa yake tona asiri a Disamba da Janairu. A nan ne turi ke amfani ga mota mai giyar hannu.

Ta biyu: injin na juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, kuma gari da sanyi? Fetur ba ya saurin zama tururi cikin sanyi, don haka injin na son mai da yawa, iska kaɗan. Aikin cok ke nan. Wasu motocin da hannu ake jan sa, wasu da kansa yake aiki. Idan na hannu ne, a ja shi, a taka totur sau ɗaya ko biyu, a murza. Da injin ya ɗumama a mayar da shi.

Ta uku: kina jin warin fetur? To mai ya yi yawa, ya jiƙa fulogi. Da mijin nan ya ba ni labari, na gane abin da ya same su ke nan. Cikin ruɗewa ƙaninsa ya yi ta taka totur yana saki, ga cok a jawo, kowane taku na ƙara watsa mai a ciki. Maganinsa: a mayar da cok, a danne totur har ƙasa a riƙe shi ba sakewa, a murza makulli. Iska ta shiga ta busar da man. In ba ta kama ba a bar ta minti goma zuwa sha biyar. Kada a wuce daƙiƙa goma ana murzawa a jere, batir ne zai mutu a kan banza.

Ta huɗu: yaushe rabon da a tashe ta? Kafireta na da ɗan kofi da ke ajiye mai. Motar da ta yi sati biyu a ajiye, man kofin ya bushe, sai famfo ya sake jawo wani daga tanki. Zafin Afrilu ma na da tasa matsalar: an dawo daga tafiya, an kashe mota minti ashirin, zafin inji ya tafasa man kofin ya malala ciki. Ita ma danne totur ake yi. Ga ƙurar hunturu da ke toshe matacin iska, ga man 'yan bumburutu da wani lokaci ke zuwa da ruwa ko datti ya toshe ƙananan hujojin kafireta. Idan an bi duk wannan ba ta tashi ba, saura fulogi da wayoyinsa da kwantak, wannan kuwa aikin bakanike ne.

Yanzu bari in sa hular nas. Abu uku kada ki bari a yi a gabanki. Kada a zuba fetur a bakin kafireta ana murza makulli; inji na iya atishawa da wuta ta lashi fuskar mai zubawa. Kada a zuƙi mai da baki ta tiyo. Ɗan kaɗan ya sauka huhu ya isa ya kwantar da ƙato, kuma wanda ya haɗiya ba a sa shi amai, asibiti ake kai shi. Kada a bar mota tana ɗumama a rufaffen wuri ko kusa da tagar yara. Hayaƙin salansa na ɗauke da iskar guba da ba ta da wari.

Ba na ce ki zama bakanike ba. Amma ke kika san watan haihuwarki. Da cikinki ya shiga wata takwas, ki sa motar cikin lissafi tare da kayan jariri. Ki lallaɓa maigida a kai ta a wanke kafireta, a duba fulogi da batir. A riƙa tashinta kullum da safe. Kada mai ya gaza rabin tanki, a ajiye ta tana fuskantar ƙofa. Sannan ki riƙe lambar mutum biyu masu mota ko Keke Napep, waɗanda aka yi magana da su tun da rana tsaka cewa za a iya buga musu da dare.

Babbar magana kuma: idan naƙuda ce, ko jini, ko jijjiga, kada a ba mota fiye da minti goma. Wani na murza makulli, wani na kiran maƙwabci. Ba abin kunya ba ne a buga ƙofar mutum ƙarfe biyun dare saboda rai.

Matar nan ta dawo rigakafi da ɗanta bayan sati shida, ta ce min tsohon ya sayi sabon batir tun kafin ranar suna.

Ke fa, idan abin ya taso yau da dare, wa za ki kira? Ki ba mu labarin yadda kuke shiri a unguwarku, wata ta ƙaru da ke. Allah ya sauki masu ciki lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.