Cinikin Biri a Sama da Kuɗin Fanshonmu

'Yan'uwa malamai, tun da Jihar Kaduna ta shiga tsarin fansho na karo-karo a 2017, abin da ake cirewa daga albashinmu ba ya kwana a akwati. Kamfanonin fansho suna juya shi: kaso mafi tsoka a takardun bashin Gwamnatin Tarayya, wani kaso kuma a hannayen jarin bankuna da masana'antu. Ashe mu ma masu zuba jari ne. Saboda haka dokar da ta tilasta wa kamfanoni bayyana asusunsu ta shafe mu kai tsaye.

Mai kuɗin da aka hana shi ganin littafin kamfani, cinikin biri a sama ake so ya yi. Ko dai ya ƙi, ko ya tsawwala kuɗin ruwa, ko ya taya hannun jarin da arha domin gudun hasara. Kamfanin da ke fitar da sahihin rahoto a kan kari kuwa, jari yakan zo masa da rangwame.

Mun ga sakamakon rufa-rufa. A 2006 aka gano an kumbura alƙaluman Cadbury Nigeria da kimanin naira biliyan 13. A Agustan 2009 Babban Banki, ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, ya zuba naira biliyan 420, bayan bincike ya tono basussukan da suka maƙale. Ƙananan masu hannun jari suka kwana a ciki, kamfanoni masu gaskiya ma zargin ya shafe su.

Mu da ke kudancin kogi muna wuce masaƙun Kakuri kullum. Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002. Rashin lantarki da fasa-ƙwauri sun yi ɓarnarsu, amma farfaɗo da irinta sai da jari mai sauƙi na dogon zango, kuma ba mai bayar da shi a rufe ido. Ɗalibanmu ne ke jiran wannan aikin yi.

Dokoki akwai su: ta Hukumar FRC mai kula da rahoton kuɗi tun 2011, da sabuwar dokar zuba jari ta 2025. Saura hukunta mai ɓoyewa ba sani ba sabo. Namu kuma shi ne mu riƙa karanta bayanin asusun fanshonmu, reshenmu ya gayyato kamfanonin fansho su faɗa mana inda suka sa guminmu. Mu da ke duba littafin ɗalibi kullum, bai kamata mu bar namu ba a duba ba.