Sharhi: Mai Son Kawo Gyara a Gidan Kasuwanci Ya Fara da Neman Sani



Duk wanda ya tsaya bakin hanyar da ta tashi daga Jalingo ta nufi Mutum Biyu da Wukari a lokacin kaka, zai ga manyan motoci suna wucewa ɗauke da shanshera da masara da riɗi da doya, kuma in ya yi haƙuri ya ƙara tsayawa, zai ga waɗansunsu suna komowa da shinkafa gyararriya a cikin buhuna masu tambarin kamfanonin wasu garuruwa, wadda ba mamaki a fadamun Gassol ko Karim Lamido aka noma ta. Tun ranar 27 ga Agusta 1991 da aka yanke Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola, Jalingo ta zama hedikwata, ake ta faɗin cewa lallai a sake wannan hali, kuma ba a rasa masu faɗi ba ko a majalisa ko a rumfar kasuwa. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne mutumin da ya shirya kansa, ya tara sani da amana gwargwadon da in ya ce a canja, masu dukiya za su saurare shi.

A ganina nan ne matsalar take. Kowace shekara Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a nan Jalingo a 2008, da Jami'ar Tarayya ta Wukari da ta biyo baya a 2011, suna yaye samari da 'yan mata waɗanda suka karanta ilmin kasuwanci da lissafin kuɗi, da yawansu kuwa 'ya'yan 'yan kasuwa ne, ko ƙannensu, ko yaran shagonsu. Sukan komo gida da kyakkyawar niyya da zafin nama, su tarar da mahaifi yana riƙe da lissafin miliyoyi a ka, yana ba da bashi da baki, yana awo da mudu, yana cire kuɗin cefane daga cikin uwar kuɗi, sai ransu ya ɓaci, su so su rushe tsarin shekara talatin a mako guda. Shi kuwa dattijon, da yake da wannan tsarin ya gina gida, ya sauke farali, ya biya kuɗin makarantar da aka samo sabon ilmin, ba zai miƙa wuya ga wanda bai taɓa kwana a tasha yana gadin kaya ba. Gaskiyar yaron ba ta isa ta sa a bi shi. Sai ya samu yarda, ita kuwa yarda takardar shaida ba ta sayo ta.

Tarihin Alhaji Alhassan Ɗantata, Allah ya jiƙansa, ya isa abin nazari a wannan babi. An haife shi a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa, mutanen da fatauci ya zame musu gado, ya yi karatun allo, ya bi ayari zuwa Gwanja, ya san goro tun daga zaɓensa har ɗaurinsa da ganye da yayyafa masa ruwa don kada ya bushe a hanya. Sai da ya ƙware a tsohuwar hanya sa'an nan ya sake ta, ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa daga gaɓar tekun ƙasar Gana ta yau zuwa Ikko, alhali mafi yawan abokan fataucinsa suna nan bisa jakuna suna cinye watanni a daji. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, bai tsaya yana jimamin zamanin ayari ba, ya koyi sikeli da lissafin Turawa, ya zama babban mai saya wa kamfanin Neja gyaɗa, ya baza wakilansa ƙauyuka yana ba su jari bisa amana. A 1929 kuma, lokacin da attajirai ke binne kuɗi a ɗaka suna ƙyamar banki, shi ya kai nasa bankin Turawa da aka buɗe a Kano, azurfa lodin raƙuma. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai baƙon abu ne a idon mutanen zamaninsa, amma ba wanda ya isa ya ce masa bai san kasuwa ba, domin sun san ya taka duk inda suka taka. Ya rasu a 1955, ya bar gida mai tsari wanda bai watse da mutuwarsa ba, har ga shi zuriyarsa, ciki har da Alhaji Aliko Ɗangote, sun tashi daga saye da sayarwa sun shiga kafa masana'antu.

A jiharmu ma akwai misali. Janar Theophilus Ɗanjuma, ɗan Takum, ya bar aikin soja a 1979 yana kan ƙololuwar muƙami, ya shiga harkar jiragen ruwa wadda ba ita ya koya ba, ya fara da hayar jirgi guda, ya zauna ya zama ɗalibi a sabon fage kafin ya zama shugaba a cikinsa.

To, mene ne sanin da mai son gyara zai nema? Farkonsa dai sanin sana'ar da hannu. A ɗauki saurayin da ubansa ke da rumbun shinkafa a babbar kasuwar Jalingo. In yana so wata rana a sayi injin cire tsakuwa, a riƙa zuba shinkafar a buhu mai sunan gidansu, wajibi ne ya iya damƙar shanshera ya ciza ya gane ko ta bushe, ya san wace gumi ce ta sha wuta fiye da kima, ya san dillalin da ke cika alkawari da wanda ke jiƙa kaya don su yi nauyi. Bayan wannan sai ya sayi littafi, ya zauna gefen tabarma ba tare da ya ce uffan ba, ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita har kaka ta zagayo: buhu nawa aka saya, nawa aka biya 'yan dako, nawa ɓera da danshi suka ci, nawa ke hannun mutane. Ran da ya tashi magana, ba a gaban yaran shago zai yi ta ba. Zai bari sai bayan sallar isha'i, ya durƙusa ya ce, "Baba, ga abin da na rubuta, ina so ka duba mini ko na yi kuskure. Na ga kamar bashin da ke waje ya kusa kai rabin jarinmu." Dattijon da zai yi fushi in an ce masa tsarinsa ya tsufa, shi ne zai yi shiru ya sa tabarau in an ajiye masa lissafin dukiyarsa a gabansa cikin ladabi.

Kada kuma wani ya ɗauka rubuta ciniki al'adar Nasara ce da aka ɗora mana. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma an ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya hana wanda bai fahimci hukunce-hukuncen ciniki ba zama a kasuwa. Malaman fiƙihu sun yi bayanin ƙirali da sharika da salam dalla-dalla, wato yadda mai dukiya da mai aiki za su raba riba, da yadda abokan tarayya za su haɗa jari, da sharuɗɗan biyan kuɗi kafin a karɓi amfanin gona. Saurayin da ya haɗa wannan da abin da ya karanta a jami'a yana da hujja biyu a hannu, kuma ya fi iya shawo kan dattijo da wadda dattijon ya riga ya yi imani da ita.

Zamani ma yana ba da tasa hujjar, da tsanani. A farkon 2023, da takardun kuɗi suka ɓace bayan sake fasalin naira, shagon da wani yaro ya riga ya lallashi maigidansa aka buɗe asusun banki aka ajiye na'urar cirar kuɗi ya ci gaba da ciniki, maƙwabcinsa kuwa ya wuni yana kallon masu saye suna juyawa. Da gadar Namnai ta karye a damunar 2024, hanyar Wukari ta yanke, wanda ya san ainihin abin da kowane buhu ke ci masa na mota da dako shi ya iya sake farashi ba tare da ya faɗi ko ya zalunci mai saye ba. Haka masana'antar shayin Highland da ke Kakara a tsaunin Mambila, wadda tsadar man dizal ta daɗe tana danne ta, ta samu sauƙi da aka gina ƙaramar tashar lantarki ta ruwa a Tunga da taimakon hukumar UNIDO. Kafin a aza tubali, sai da aka samu waɗanda suka zauna suka auna ruwan, suka yi lissafin, suka iya gamsar da masu ba da kuɗi.

Amma zalunci ne a ɗora nauyin duka a kan matasa. Ina roƙon iyayenmu attajirai, Allah ya ƙara muku arziki, ku dubi yawan gidajen kasuwanci da muka sani a garin nan waɗanda suka rufe tun ba a yi sadakar arba'in ɗin mai su ba, saboda shi kaɗai ya san wa yake bi, wa ke binsa, magada kuma suka raba jari kowa ya kama gabansa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta halatta wa ko mutum guda ya yi rajistar kamfani, ta yadda dukiyar ciniki za ta rabu da ta aljihu, a gaji hannun jari maimakon a yayyaga shago. Yaron da ya yi muku shekara goma da amana, ku tura shi kwas, ku biya masa, ku ba shi wani sashe ya riƙe tun kuna da rai, ya yi kuskurensa kuna kusa ku gyara masa. Tsoron kada ya ƙware ya tafi ba hujja ba ce, domin al'adarmu tun asali ita ce maigida ya sallami yaronsa da jari, kuma ana ƙirga darajar attajiri da yawan waɗanda ya yaye.

Hukumomin da aka kafa domin wannan aiki, irin su SMEDAN da Asusun Horar da Ma'aikata na ITF da Bankin Masana'antu, tare da jami'armu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, su ma da sauran aiki a gabansu. Horon da ake yi da Turanci a zauren otal da hantsi, lokacin da ɗan kasuwa ba ya iya barin rumfa, ba ya isa ga waɗanda suka fi bukatarsa. A kawo shi cikin kasuwa, da Hausa da Fulatanci da sauran harsunan jihar nan, bayan la'asar, a haɗa da mata masu turara shinkafa da masu sayar da hatsi a kasuwar Mil Shida, a fara da littafin shiga da fita, kuma a fara shi kafin sabon hatsi ya shigo kasuwa.