Idan Karatu Ya Kai Ku Ƙasar Da Take Girgiza

Mu mutanen Dambatta da Bichi da Kunci mun san abubuwan da ke ba mu tsoro. Mun san yadda ruwan Agusta ke cin gindin katangar ƙasa har ta zube, mun san gobarar hunturu in ta kama dangar kara. Amma ƙasar da muke takawa ba mu taɓa zarginta ba.

Akwai dalili. Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne, a rarrabe yake kamar sakainar ƙwarya, kuma kowane ɓangare yana tafiya a hankali, santimita kaɗan a shekara, kamar tsirowar farce. Inda ɓangare biyu suka haɗu sai su cije, su yi shekaru a haka. Ranar da suka suɓuce, ita ce ranar girgizar ƙasa. Mu kuwa muna zaune kan tsohon dutse, nesa da irin wannan mahaɗa. Ko motsin da aka ji a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, da na Mpape a Abuja a 2018, ƙanana ne.

To me ya kawo maganar? A cikinku akwai waɗanda karatu ko ƙwallo za su kai Turkiyya ko Maroko ko Indonesiya, kuma can labarin daban ne.

Masu kallon ƙwallo sun san Christian Atsu, ɗan Ghana da ya buga wa Newcastle. A Satumba 2022 ya koma ƙungiyar Hatayspor a kudancin Turkiyya. Ranar 5 ga Fabrairu 2023 ya ci wa ƙungiyarsa ƙwallon nasara ana dab da tashi. Da ƙarfe 4:17 na asubar washegari, girgiza mai ƙarfin maki 7.8 ta auka wa yankin, mutane suna barci, ana tsananin sanyi. Dogon benen da yake zaune a birnin Antakya ya rufta, sai ranar 18 ga watan aka gano gawarsa. Wata biyar kacal ya yi a garin. Sama da mutum 50,000 suka rasu a Turkiyya kaɗai.

Abin da ya fi damunmu shi ne sabon da za ku tafi da shi daga gida. A nan, in aka yi ihu, kowa waje yake yi, kuma daidai ne, domin taku uku ne daga ɗaki zuwa tsakar gida. A hawa na shida na ɗakin kwanan ɗalibai wannan sabon yana iya cutar da mutum. Ƙasa tana jijjiga, ƙafa ba ta tsayuwa, ga cunkoso a matakala, ga gilashi da bulo suna zubowa a bakin ƙofa. Shi ya sa a Japan tun daga firamare ake koya wa yara su durƙusa, su shige ƙarƙashin tebur, su kare kai da wuya, su riƙe ƙafar teburin har motsin ya tsaya. In a gado ta same ku, ku zauna a nan ku rufe kai da matashi. Lif kuwa, ko kusa.

In ta lafa, ku sauka ta matakala ku nufi fili, nesa da gini da wayar lantarki. Kada ku koma ɗauko waya ko jaka. A Turkiyya, bayan kamar awa tara, wata mai maki 7.5 ta sake zuwa, ta ƙarasa gine-ginen da ta farko ta tsattsaga.

Ba za mu ɓoye muku ba: tebur yana tare abin da ya faɗo, amma in bene ya rufta gaba ɗaya ba lallai ya yi ceto ba. Don haka kafin ku kama ɗaki, ku tambayi 'yan gari yaushe aka yi ginin, kuma ko an bi ƙa'idar girgiza. Baƙo kan ji nauyin irin wannan tambaya, alhali su kansu suna yinta kafin su biya haya.

Sannan fasfo da tocila da gorar ruwa su kwana a jaka ɗaya kusa da gado. Takalmi ma a ajiye shi nan, mai rufi ba silifa ba, domin fasasshen gilashi za ku taka a cikin duhu.