Kira Ga Maƙeran Wuƙar Farauta Da Masu Sayenta

Edita,

Ina roƙon ka taimaka mini da ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi kira ga maƙera masu ƙera wuƙar farauta, da kuma mu mafarauta da ke saye.

Ni dai jikan maƙeri ne, tun ina yaro nake zuga a maƙerar kakana, sai dai ban gaji sana'ar ba, farauta ce ta ɗauke mini hankali. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abin takaici da ya same ni a ranin 2024. Na sayi wuƙa a wata kasuwar ƙauye, tana walƙiya kamar madubi, ga kube ja har da tuntu. Da muka shiga daji karnuka suka kama gada, na iske ta da sauran rai, na zaro wuƙa zan yanka. Wallahi Edita, sai ka ce da bayan cokali nake gogawa. Ashe ɗan reshen da na sare da ita da safe ya riga ya naɗe mata baki. Kafin abokin tafiyata ya iso da tasa, gada ta cika, ta zama mushe. Ga wahalar yini guda, ga azabar da na ba dabba, alhali kullum malamai na jan kunnenmu a wasa wuƙa kafin yanka.

Da na dawo gida na kai ta wurin wani dattijon maƙeri. Bai ce komai ba, ya ɗauki magagari ya goga a bakinta, magagarin ya ci ta kamar itace. Ya ce mini, "Ɗana, ai wannan rodi ne."

To a nan gizo ke saƙar. Ba kowane ƙarfe ne ke yin wuƙa ba. Abin da ke sa ƙarfe ya yi tauri idan an gasa an tsoma shi ne wani sinadari da ake kira kabon, irin wanda ke cikin gawayi. Ƙarfen sifirin mota yana da shi kamar kashi 0.6 cikin ɗari, tsohon magagari ma ya fi haka. Rodin gini da falankin ƙofa kuwa nasu bai taka kara ya karya ba, ko sau goma ka tsoma su ba za su riƙe kaifi ba. Amma su ne masu araha, su ne masu laushin duka, shi ya sa wasu suka koma gare su.

Ko an samu ƙarfen kirki ma, da sauran aiki. Bayan an gama dukan wuƙa a kan uwar maƙera an fitar da siffarta, sai a mayar da ita wuta har ta yi ja sosai. Kakana da ido yake ganewa, kuma ba ya wannan aiki sai da almuru ko a cikin duhun rumfa, don hasken rana na ɓoye launin ƙarfe. Wanda idonsa bai ƙware ba ga dabara mai sauƙi: ya samu maganaɗisun tsohuwar lasifika. Ƙarfe na daina kama maganaɗisu idan zafinsa ya kai wajen digiri 770 a ma'aunin Salshiyas, to daga nan a ƙara masa wuta kaɗan, sai a tsoma. Kuma ƙarfen sifirin mai yake so, ruwan sanyi yakan tsaga shi. Ni na fi son man gyaɗa a kan baƙin man mota, wanda hayaƙinsa ke cutar da ƙirji.

Daga nan sai matakin da akasarin masu sauri ke tsallakewa. Wuƙar da aka tsamo daga mai ta yi tauri, amma taurin gilashi ne, ta haɗu da ƙashi sai ta ɓalle. Dole a goge ta ta yi haske, a sake ɗumama ta a hankali daga gadon bayanta, ana kallo, har bakin ya yi launin busasshen kara, wato wajen digiri 200. In aka bari bakin ya koma shuɗi, an wuce gona da iri, ta yi laushi. Wannan aiki ba ya cin gawayi mai yawa, haƙuri kawai yake ci.

Sai kuma babbar annobar zamani, injin gurza ƙarfe. Ban ce a jefar da shi ba, ya rage wahala ƙwarai. Amma sau nawa na tsaya ina kallon yaro ya danna bakin wuƙa a kan dutsen inji, tartsatsi na tashi, baki ya yi shuɗi, sannan ya goge shuɗin ya miƙa wa mai saye? Duk wahalar da maigidansa ya sha a bakin wuta ya ƙone ta cikin minti guda. Me zai hana a ajiye bokitin ruwa a gefe ana tsomawa a kai a kai, a kuma ƙarasa kaifin da hannu a kan dutsen wasa wuƙa?

Ƙota ma abin dubawa ce. Wutsiyar ƙarfen ta shige cikinta sosai, a kama da ƙusa biyu ko uku, icen kuma ya zama busasshe mai ƙwari irin ƙirya. Su kuma dukawa don Allah su bar fata ta bushe kafin su zura wuƙa a kube, damshi tsatsa yake kawowa.

Kada maƙera su ce na yi son kai, mu masu saye laifinmu ya fi yawa. Mu ne muke ɗaga wuƙa mu duba fuskarmu a jikinta, mu taya ta kuɗin wuƙar yankan albasa. Mutum ya nemo sifirin, ya sayi gawayin ƙirya da tsada, ya yini a bakin wuta, sannan ka ce ga ta can wurin maƙwabcinsa rabin kuɗi. To gobe shi ma rodi zai ɗauko, tunda yana da iyali. Ni yanzu da ɗan magagarina nake zuwa kasuwa. In na goga ya zame bai ci ba sai kaɗan, na biya ba ciniki mai yawa. In mai wuƙa ya hana ni gwadawa, na yi gaba.

A ƙarshe ina kira ga sarakunan maƙera na garuruwanmu, musamman na Kano, inda masana suka ce tun ƙarni na 7 ake aikin ƙarfe a Dala, da su sa kowane maƙeri ya riƙa buga alamarsa a gindin wuƙar da ya ƙera. In ta yi kyau a san wanda za a koma wa da ciniki, in ta ba da kunya a san ƙofar da za a kai ƙara. Tawa wuƙar ba ta da alamar kowa, wanda ya sayar mini kuma ya ce shi ma saro ta ya yi.

Wassalam.

Naku,
Wani mafarauci jikan maƙera,
Jihar Kano.