Gida da Daji: Gajeren Labarin Aure a Mizanin Birnin Gwari

Akwai wata taswira da mu manazarta ƙagaggun labaran Hausa muka saba ɗauka duk lokacin da za mu yi sharhi a kan jigon aure. A cikinta gidan miji shi ne wurin ƙunci, waje kuwa shi ne wurin 'yanci. Idan tauraruwa ta tsallake ƙofar zaure ta nufi makaranta, ko kotu, ko birni, sai mu ce marubuciya ta 'yantar da ita. Ra'ayina shi ne wannan taswira a Kano aka zana ta, kuma duk wanda ya tafi da ita Birnin Gwari zai ɓata hanya.

Ba wai taswirar ba ta da tushe ba ne. Balaraba Ramat Yakubu ce ta fi kowa kafa ta. A Wa Zai Auri Jahila?, an cire Abu daga makaranta, aka aurar da ita ga Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta ya yi jika da ita. Mafitarta ita ce gudu zuwa Kano, inda ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. A Alhaki Kwikwiyo kuwa, sai da Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta sannan ta gano cewa sayar da abinci zai iya riƙe gida. Waɗannan dogayen labarai ne, amma gajeren labarin mata na yau ya gaji tsarinsu kusan kacokan: a fara da ɗaki, a ƙare da hanya. Sharaɗin da ba a faɗa shi ne hanyar tana biyuwa. Abu ta isa Kano ne domin babu wanda ya tare motarta.

To, a ƙasar Birnin Gwari wannan sharaɗi ne ya fara rushewa. Garin yana yammacin Jihar Kaduna, dajin Kamuku yana kewaye da shi, kuma dajin ya haɗe da na Kuyambana a Zamfara. Shekara da shekaru hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari tana cikin hanyoyin da aka fi tsoro a Arewa. A watan Mayun 2018 'yan bindiga suka afka wa ƙauyen Gwaska, suka kashe mutum fiye da 40. A shekarar 2022 Ƙungiyar Ci Gaban Masarautar Birnin Gwari ta yi ta kokawa cewa 'yan Ansaru sun kafu a gabashin masarautar, har suna auren 'yan matan ƙauyuka. Sai a watan Nuwamban 2024, bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla, aka sake buɗe kasuwar shanun garin wadda ta daɗe a rufe. A irin wannan ƙasa, matar da ta fita daga gida ba lallai ne 'yanci ta nufa ba. Sau da yawa fitar da ita aka yi, a bayan babur, kuma ɗakin da littattafan Kano suka mayar kurkuku shi ne abin da take addu'ar komawa.

Sai dai kuskure ne a ce tunda haka ne, sai a juya taswirar kawai, gida ya zama aljanna, daji ya zama wuta. Wannan juyin ma tsoho ne, ya girmi littattafan soyayya, domin shi ne tsarin tatsuniya. Kowa ya san tatsuniyar budurwar da ta ce ba za ta auri mai tabo ba. Ta kori samarin garinsu ɗaya bayan ɗaya, har wani baƙo santalele ya zo ta amince, ashe Dodo ne ya ari siffar mutane. Suna barin gari ya fara mayar da kayan aron da ya yi, ya shige da ita ƙungurmin daji. Darasin da kakanni suke son a ɗauka a fili yake: yarinyar da ta zaɓa wa kanta miji, daji ne makomarta, kuma ita ta jawo wa kanta. Marubutan shekarun 1980 da 1990 sun yi wa wannan darasi tawaye, suka ce zaɓi haƙƙi ne. Amma da tatsuniyar da tawayen duk sun yarda da abu ɗaya, wato yarinyar ta yi zaɓi. Matar da aka ɗauke daga gona ko daga ɗakinta tsakar dare ba ta zaɓi komai ba, amma idan ta dawo, da hukuncin tatsuniyar ake tarbar ta. Ana kallon ta kamar wadda ta bi Dodo da ƙafarta.

A nan ne nake ganin gajeren labari yana da aikin da dogon labari ba zai iya ba. Dogon labari yana son tarihin rayuwa, daga ƙuruciya zuwa nasara, don haka yakan yi gaggawar wuce ranar dawowa ya kai mu ga digiri da sabon miji. Gajeren labari ba shi da wannan fili. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta kayyade labari tsakanin kalma 1,000 zuwa 1,500, kuma wannan ƙunci alheri ne, domin yana tilasta marubuciya ta tsaya a kan sa'a guda. Labarin da ya fara lashe gasar, Sansanin Gudun Hijira na Aisha Muhammad Sabitu, ya nuna tun daga sunansa cewa akwai wuri na uku wanda ba gida ba ne, ba kuma 'yanci ba. Haƙƙina na Aishatu Musa Dalil, wanda ya yi nasara a 2021, ya ɗauko yarinyar da aka yi wa fyaɗe a cikin gida, uwa kuma ta zaɓi rufin asiri. Darajar labarin tana cikin yadda ya nuna cewa shirun da ya biyo bayan ta'asar zalunci ne na biyu. Wannan shirun ne yake jiran matar da ta fito daga dajin Kamuku.

A duba sa'o'in da ke nan, waɗanda kowace ɗaya ta isa labari. Miji ya sayar da gona da shanun huɗa ya biya kuɗin fansa, matar ta dawo, amma ya kasa shiga ɗakinta, ya kuma kasa sakin ta domin kada a ce ya yi butulci ga kansa. Ko ta dawo da ciki, uwar miji tana ƙirga watanni da yatsu. Ko uba ya ba da 'yarsa ga mai bindiga, aka yi siga, aka raba goro, aka shafa fatiha, domin a bar ƙauyen ya yi noma. Wannan na ƙarshe ya fi kowane wuyar nazari, saboda duk alamomin aure sun cika. Akwai waliyyi, akwai sadaki, akwai shaidu. Abin da babu shi ne ikon cewa a'a, daga yarinyar har uban nata. Malaman fiƙihu ba baƙi ba ne ga wannan matsala. An san Imamu Malik da fatawar cewa sakin wanda aka tilasta bai auku ba, kuma ya sha bulala a Madina a kan ta. Al'ummar da take bin mazhabarsa tana da kalmomin da za ta bambanta yarda da tilas, adabinta ne bai yi amfani da su sosai ba tukuna.

Don haka nake ganin ma'aunin da ya kamata mu riƙe a nazari shi ne yarda, ba wuri ba. Tambayar da za a yi wa labari ita ce wa aka tambaya, kuma me zai faru da shi in ya ƙi. Da wannan ma'auni za a ga cewa komawar Rabi gidan Alhaji Abdu a ƙarshen Alhaki Kwikwiyo, wadda ta ɓata wa masu karatu da yawa rai, ta cancanci a sake duba ta, domin matsin dangi ne ya mayar da ita. Za a kuma daina yi wa namiji kallon Dodo kaɗai, tunda mijin da ya biya fansa da uban da ya ba da 'ya duk suna cikin tarkon, ko da yake ba su ne aka kai daji ba.

Wani zai ce bai dace a mayar da bala'in mutane kayan adabi ba tun raunin bai warke ba. Ƙorafin yana da nauyi, musamman idan marubucin yana zaune a Kano ko Abuja yana ƙago daji daga labaran rediyo, ya cika shi da harbe-harbe kamar fim. Irin wannan labari yakan mayar da matar gawa ko abin tausayi, ya ba mai bindiga duk maganar. Maganinsa shi ne sassan Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna, waɗanda su ne mafi kusa da yankin, su nemi ɗalibansu 'yan Birnin Gwari da Kuyello da Dogon Dawa, su ba su filin rubutu a mujallunsu, su kuma karɓi labarin da ya ƙare matar tana zaune a bakin murhu, mijin yana tsaye a ƙofar ɗaki, babu wanda ya yi magana.