Wai Mu Ne Muka Kawo Indiya Ƙasar Hausa?

Yau ba labari na kawo muku ba, ƙorafi ne.

Shekara da shekaru ana jifan mu marubuta da magana ɗaya: wai mun kwaso Indiya mun zube a ƙasar Hausa, mun ɓata tarbiyya. A 2007 har ƙona littattafanmu aka yi a Kano. Mu nan Gaya da Ajingi kuwa, har gobe akwai gidan da in aka kama yarinya da littafin soyayya sai ta sha bulala, amma in Magana Jari Ce aka gani a hannunta sai a sa mata albarka.

To, ina so masu bulalar su gaya mini, daga ina akun Magana Jari Ce ya taso? Daga dajin Falgore? Tun kafin a haifi kakan kakan Abubakar Imam, Indiyawa na da littafin aku mai labari saba'in, Shuka Saptati. A 1330 wani malami, Nakhshabi, ya mayar da shi Farisanci ya kira shi Tuti Nama. A can, aku yana ɗauke wa matar aure hankali da labari kowane dare don kada ta fita wurin kwarto. Imam ya zo a 1937 ya cire matar, ya sa Musa ɗan sarki mai son fita yaƙi, ya naɗa wa akun sarauta. Wannan ita ce gwaninta, kuma ni ban ga wanda ya kira shi ɓarawo ba.

Dare Dubu Da Ɗaya fa? Tushensa littafin Farisa ne, Hazar Afsan, shi ya sa sarkin ciki sunansa Shahriyar. Kalila wa Dimna da malamai ke yabo, Panchatantra ce ta Indiya. Likita Barzawaihi ya kai ta Farisa zamanin Kisra Anushirwan, Ibnul Muƙaffa ya juya ta Larabci a ƙarni na 8. Shi kansa Sibawaihi, limamin nahawu, Bafarishe ne. Sukarin da ake zuba muku a shayi ma sunansa daga Indiya ya biyo ta Farisa.

Ba na kare kowa da kowa. Wanda ya kalli fim da daddare ya wayi gari ya kwafe shi, ya mayar da Raju ya zama Rabi'u, malalaci ne, a faɗa masa. Amma laifinsa lalaci ne, ba aro ba. Wanda zai hukunta ni, ya karanta littafina tukuna, ya nuna mini shafin da Bahaushe bai gane kansa ba. Akasarin masu zagin ko bangon ba su buɗe ba, hoton yarinyar da ke jiki kawai suka gani.