Azumin Wayar Hannu

Yau a wannan fili namu za mu taɓa zancen wayar hannu ne, da waɗannan dandaloli irin su Facebook da WhatsApp da TikTok waɗanda suka raba maigida da iyalinsa alhali kuwa suna zaune a tabarma ɗaya.

Tun da aka shigo da wayar salula ƙasar nan cikin 2001, hutun da wani yanki namu ya taɓa yi da ita na dole ne. Cikin watan Satumba na 2021 hukuma ta sa aka toshe layukan waya a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da waɗansu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna. Jama'a sun sha wuya ƙwarai. Mutanen Gusau har Funtuwa suke shiga mota su je, don kawai su ji muryar ɗan'uwa, ko su aika da kuɗi, ko su tambayi farashin kaya. To, a nan ne abin lura yake. Ban zaci akwai wanda ya biya kuɗin mota zuwa Funtuwa don ya kalli bidiyon barkwanci ko ya yi musun siyasa da wanda bai taɓa gani ba. Ashe abin da muke bukata na haƙiƙa a waya bai fi aikin 'yan mintoci ba, sauran sa'o'in da muke ƙararwa a kanta sabo ne kurum.

Sabon nan kuwa ba haka kawai ya zo ba, da gangan aka gina shi. Kamfanonin da suka mallaki dandalolin daga talla suke cin abinci, gwargwadon daɗewar idonka a kan allo gwargwadon ribarsu. Shi ya sa shafin ba shi da ƙarshe. Jarida kana kai shafin baya ka naɗe ta, shirin rediyo mai gabatarwa yana yin sallama, amma wannan kana ja sama wani na ɓullowa, kuma na'urar ta riga ta gane abin da ke tsayar da kai, ko wa'azi ne ko rigima. Zuma ce, da zaƙi da harbi.

Waɗansu ƙasashe sun bi ta hanyar doka. Faransa ta hana waya a makarantun firamare da na ƙananan sakandare cikin 2018, Ostareliya kuma cikin 2024 ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi a dandalolin. Ni dai ban sa rai da yawa ga doka ba, domin sa'ad da gwamnatinmu ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, samari ta bayan gida suka riƙa shiga abinsu.

Abin da na ga ya fi dacewa da mu shi ne wanda muka riga muka iya, wato azumi. Mutumin da yake barin ruwa tun daga asuba har faɗuwar rana cikin zafin bazara, ba zai ce barin waya daga magariba zuwa bayan lisha ya gagare shi ba. Lokacin nan da ma shi ne na cin tuwo tare, da jin abin da yaro ya koyo a makaranta, da tatsuniyar kaka in Allah ya sa tana raye. A kashe intanet ɗin kawai, a bar layin kira a buɗe saboda larura. Sai dai fa maigida shi zai fara ajiye tasa, don ba ya yiwuwa uba yana latse-latse ya ce wa ɗa tashi ka ɗauko allonka.

Iyaye mata kuma, masu miƙa wa jinjiri waya don ya yi shiru, su sani Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cikin 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo sam, daga shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce sa'a ɗaya a yini.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.